Watannin da Bakatsine Ya Ajiye Wasa

Ban taɓa mantawa da safiyar da Malam Lawal ya shigo ofishina ya gaishe ni da cikakken ladabi ba, domin a duk shekarun da muka yi tare bai taɓa yin haka ba. Ku da kuka gaje mu a wannan aiki kun roƙe ni in rubuta muku wani abu daga zamaninmu. Na waiwayi abin da na gani tun daga keken rubutu har zuwa kwamfuta, ban sami labarin da ya fi wannan cancanta ba.

A lokacin ni ne shugaban wani ofishin wayar da kai a Bagudo. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Muna da mota ɗaya mai lasifika a kanta, wadda ake kira motar shela. Ranar kasuwar Lolo tana Lolo, wata rana tana Zagga, wata rana tana ƙauyukan bakin kogi. Tana sanar da mutane da Hausa da Dendi da Fulatanci abin da ya shafe su: rigakafin shanu, lokacin rabon iri, halin da kan iyaka ke ciki, kuma sama da komai, halin kogi. Kwara, wanda takardu ke kira Neja, kafin ya iso gare mu sai ya ratsa ƙasashen da ake rubutu da Faransanci. Ruwan da zai hau fadamun shinkafarmu su ne ke fara ganinsa. Manomin da ya ji labari da wuri yana iya kwashe abin da zai kwasu, ya janye injin ban-ruwansa, ya kau da dabbobinsa. Wanda bai ji ba sai dai ya tsaya a tudu yana kallo.

Na koyi aiki a hannun dattawan da suka yi wa En'e, hukumar gargajiya ta da, hidima, kuma na gaji ƙa'idoji biyu daga gare su. Ta farko, babu kalmar da za ta fita daga lasifika sai shugaba ya sa hannu a kanta. Ta biyu, ba a rantsuwa a ofis. Sukan ce ofishin da sai an rantse ake yarda da juna a cikinsa, to ya riga ya mutu, jana'iza ce ta rage.

Malam Lawal mataimakina ne, kuma Bakatsine ne. Mu kuwa sauran Kabawa ne, ban da direbanmu da yake Badendi. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa, kowane ɓangare yana cewa ɗayan bawansa ne. A takarda ni ne shugabansa, amma al'ada ta girmi takarda. Kullum da safe zai leƙo ƙofata ya ce, "Bawana, an tashi lafiya? Kifi nawa aka zalunta jiya?" Ni kuma in tambaye shi ko iska ta bar musu ɗakin karan nasu a tsaye. Daga nan sai aiki. Kada wannan ya sa ku ɗauke shi sakarai. Ya iya Turanci, ya koyi Faransanci da kansa, kuma ban taɓa kama kuskure a sanarwar da ya tsara ba.

Shi ne ya kawo mana abin da muka sa wa suna Taru. Wata manhaja ce ta wani babban kamfanin intanet na ƙasar waje, kyauta suke ba kowa. Aikinta shi ne tattara labarai. Maimakon mutum ya bi shafuka ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, sai ya nuna mata shafukan da yake so, ita kuma duk sabon abin da aka buga a cikinsu ta kwaso ta tara masa wuri guda. Da ya nuna mana, Hajiya Kulu mai buga mana takardu ta ce ai wannan taru ne irin na Sarkawa masunta, a shimfiɗa shi a bakin ruwa, da safe a jawo a ga abin da ya kama. Sunan ya bi ta. A wurin da layin intanet ke zuwa yana ɗaukewa kamar hasken walƙiya, Taru ni'ima ce. Lawal ya ɗaura mata shafukan masu lura da kogi, da na gidajen rediyon ƙetare, da na hukumomin noma. Abin da a da sai mun jira fatake su kawo shi a baki, ya zama muna samunsa kafin shayin safe ya huce. Ina faɗa ba tare da jin nauyi ba: waɗanda suka ƙera wannan abu gwanaye ne, kuma sun yi mana alherin da ba su ma san sun yi ba.

Sai dai kamfanin yana da wata ɗabi'a. Turawa sun ware ɗaya ga Afrilu don ƙaryar wasa, kusan yadda taubasai ke yi wa juna a wurinmu, kuma wannan kamfani ya ƙware a kai. Kowace shekara zai fito da sanarwar wata sabuwar ƙirƙira wadda babu ita, da tambarinsa, da hotuna masu motsi, da mutane masu fuskar gaskiya suna bayani. Lawal kuwa ya sami abokin ɗabi'a. Da kallo ɗaya yake gane wasansu, sa'an nan ya nemi Bakaben da zai ɗora wa.

Wata shekara suka ce sun ƙera na'urar da ke fassara kukan dabbobi zuwa maganar mutane. Lawal ya kira Malam Bello, malamin dabbobi da ofishinsa ke jikin namu, ya zaunar da shi gaban kwamfuta ya nuna masa. Malam Bello mutum ne mai son ci gaba. Ranar kasuwa ya shiga kara, kasuwar shanu, a Lolo ya yi wa makiyaya albishir cewa nan gaba saniya da kanta za ta faɗi inda ke mata ciwo. Wani ardo ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce in dai shanu za su yi magana, to ƙarar mai allura za su fara kaiwa. Aka daɗe ana kiran Malam Bello tafintan shanu. Amma ku lura da abu ɗaya, domin shi ne ma'aunin mutumin: ko sau ɗaya Lawal bai taɓa barin wasa ya kusanci motar shela ba. Iyakarsa bangon ofis.

To, a tsakiyar wani watan Maris, ana tsananin zafi, ya shigo ofishina. Bai leƙo ba, sallama ya yi ya tsaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da asuba. Akwai maganar aiki."

Na jira ƙarashen wasan, bai zo ba. Ya shaida mini cewa kamfanin ya ba da sanarwar zai rufe Taru a farkon Yuli, wato daidai lokacin da damina ke kankama, gab da watannin da muka fi bukatar labarin kogi. Ya ajiye takardar neman izini a kan abu biyu. Na farko, a sauya manhajar da ke kan kwamfutar ofis, abin da ba a yi sai da sa hannuna. Na biyu, a ba shi dama ya ƙetara zuwa ƙasar Benin tare da direba, ya nemi mutanen da ke rubuta waɗannan labarai ido da ido, domin mu riƙa ji daga bakinsu ko da manhaja ko babu. Izinin ƙetare iyaka a kan aiki kuwa ba a hannuna yake ƙarewa ba. Sai ya je hedikwata ya dawo, kuma in ruwa ya sauka hanyoyin bakin kogi ba su biyuwa da mota.

Na tashi na duba sanarwar a kan kwamfuta. Ga tambarin kamfanin, ga kalamansu. Amma na'urar fassara kukan shanu ma da tambarin ta zo. Hajiya Kulu ta leƙo ta bayan kafaɗata ta ce, "Wanga Bakatsine, bana da wuri ka faro. Ko Afrilun ba ka bari ta kama?" Malam Bello, wanda maciji ya taɓa sara har yake gudun tsumma, ya ce shi ba zai yarda ba sai Lawal ya rantse. Na tuna masa cewa ba a rantsuwa a ofishina. Lawal bai yi gardama ba.

Ku sa kanku a matsayina. In na aika wa hedikwata takarda cewa a ba ma'aikacina izinin fita ƙasar waje saboda wata sanarwa, daga baya ta tabbata wasan Afrilu ce, sunan ofishin ne zai zama abin dariya, kuma ofishin shela da aka yi wa dariya sau ɗaya ya gama aiki. Na rubuta a gefen takardar cewa a ajiye ta har ɗaya ga Afrilu ta wuce. Har yau ina ganin abin da ƙa'ida ta ce ke nan.

Lawal ya karanta abin da na rubuta, ya ce, "To, ranka ya daɗe." Daga wannan rana ya ajiye wasa.

Da farko mun ɗauka wani salon wasan ne. Yana zuwa da wuri, yana gaida kowa da sunansa da muƙaminsa, yana aikinsa. Wani lokaci yakan karanta mana abin da mutanen duniya ke rubutawa game da rufewar. Wasu na tattara sa hannu suna roƙon kamfanin ya janye. Wasu na rubutu kamar masu ta'aziyya, suna faɗin shekarun da suka yi da manhajar. Wasu na zagi. Hajiya Kulu ta ce ashe Turawa ma suna kukan abin da ba su saya ba. Amma ta ƙara da cewa ai lokacin shanu ma akwai masu sharhi, don haka wannan ba hujja ba ce.

Ranar ɗaya ga Afrilu kowa ya zo da shirinsa. Malam Bello ya sha alwashin ko gobara Lawal ya ce ana yi, ba zai motsa daga kujera ba. Aka kunna kwamfuta, sai ga kamfanin ya fito da wasannin shekarar. A ciki har da cewa yanzu ana iya shinshina ƙanshin abu ta fuskar kwamfuta. Sa'an nan ga babban: wai za su rufe shahararren gidan bidiyonsu, wanda duniya duka ke kallo. Wannan kam kowa ya san wasa ne. Ofis ya kaure da dariya. Malam Bello ya buga tebur ya ce magana ta fito, rufe-rufe shi ne wasansu na bana, sun fara da ƙaramin ne su ga ko zai ci. Ni kaina na ga hujjarsa ta tsaya da ƙafafunta.

Lawal yana zaune bai ko murmusa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, mutane da yawa sun ji haushin kamfanin a yau, domin ba a wasa da maganar mutuwa a gidan da ake da gawa. Ya ɗauki takardarsa daga tire, ya sake ajiye ta a teburina, ya koma wurinsa.

Afrilu ta yi nisa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ofishin ya yi wani irin shiru da ban saba da shi ba. Sai a lokacin na gane cewa shekara da shekaru da wannan "bawana" nake buɗe ranata. Hajiya Kulu ta same ni a keɓe ta ce, "Alhaji, mi as samu bawan namu? Ko dai ba shi da lahiya?" Ta gwada shi da kanta. Ta ce a gabansa duk Katsina babu mai iya tuƙa kwalekwale ko a cikin kwano. Ya ce gaskiya ne, Hajiya, ba su da kogi. Ta dawo tana cewa abin ya fara ba ta tsoro.

Abin da ya raba gardama ya faru ne wata ranar kasuwar Lolo. Motar shela ta dawo da tsarabar gasasshiyar ƙarfasa daga wani sarkin ruwa da ke ganin mutuncinmu. Hajiya Kulu ta aika gida aka kawo tuwon shinkafa, muka shimfiɗa tabarma a inuwar baranda, har da Malam Bello. Ni da aka haifa a bakin kogi, wanda ya ci kifi tun kafin ya iya tafiya, ranar nan ƙaya ta maƙale mini a maƙogwaro. Na yi tari, na yi kakari, idanuna suka kawo ruwa, hulata ta faɗi ta gangara har bakin tabarma. Ba na jin a tsawon aikina ma'aikatana sun taɓa ganina a irin wannan hali.

Ku da kuka san wasan nan kun san abin da wannan ke nufi. Bakabe, shugaba, kifi ya shaƙe shi a gaban Bakatsine. Irin wannan dama sau ɗaya take zuwa a rayuwar mutum, kuma jikokinsa ma sai sun ci gajiyarta. Malam Bello da kansa, duk da shi Bakabe ne, ya kasa haƙuri. Ya zunguri Lawal ya ce, "Malam, ga shi fa an kawo maka har gida."

Lawal ya yanko lomar tuwo, ya mulmula ta, ya miƙo mini da kofin ruwa. Ya ce, "Haɗiye ta gaba ɗaya, ranka ya daɗe, kada ka tauna." Na haɗiye, ƙaya ta wuce. Ya ɗauko hulata, ya kaɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Sannu." Na dube shi sosai. Jijiyar wuyansa ta tashi, kamar mai riƙe da buhun da ya fi ƙarfinsa. Amma bai sake shi ba.

Na wanke hannu na shiga ofis, na ce a kawo mini takardar Malam Lawal. Dalilina a fili yake. Ba a taɓa shakkar cewa ya fi kowa sanin wasan kamfanin nan ba. Abin da ba mu sani ba shi ne ko shi da kansa ya gaskata sanarwar, ko kuwa yana jan mu ne. Mutumin da zai bar irin wannan dama ta wuce, ba jan kowa yake yi ba. Na sa hannu, na rubuta wa hedikwata cewa al'amarin na gaggawa ne, na kuma bi takardar da kaina.

Bayan haka na tambaye shi yadda ya bambance wannan sanarwa da sauran. Ya ce wasansu kullum da ado yake zuwa, da kiɗa da dogon bayani, domin mai wasa yana son a kalle shi. Wannan kuwa gajeriya ce, busasshiya, an cusa ta cikin wasu sanarwoyi kamar mai jin kunya, kuma a ƙarshenta sun nuna yadda kowa zai kwashe kayansa. Ya ce, "Mai wasa ba ya nuna maka ƙofar da za ka fitar da kayanka, ranka ya daɗe." Na ce to me ya sa ya hana kansa wasa har haka. Ya ce shekaru ya yi yana sa mu dariya da abin da ke fitowa daga kwamfutar nan, shi ya ɓata ruwan, shi ya kamata ya zauna ya jira ya kwanta.

Izini ya dawo ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Suka ƙetara ta Lolo shi da direba, wanda Dendinsa ya yi musu amfani fiye da Faransancin Lawal. Suka sami wani ma'aikacin gidan rediyon gari a can, da wani dattijo da aikinsa shi ne duba ma'aunin ruwa a gaɓar kogi. Suka ci abinci tare, suka karɓi lambar wayar juna, aka yi alkawarin duk wanda ya ga wani abu zai kira ɗan'uwansa. Ya kuma kwashe shafukanmu ya mayar kan wata manhajar. Ba ta kai Taru sauƙi ba, tana nauyi a kan layinmu, amma ta yi. Ya ce ko ita ma ba zai sake jingina da ita gaba ɗaya ba, zanen aro ba ya rufe katara.

Farkon Yuli ya zo. Da safe muka taru a bayansa ya buɗe Taru. Babu labari ko ɗaya, sai 'yan layukan ban-kwana da godiya. Hajiya Kulu ta ce Allah sarki, kamar an faɗa mata rasuwar maƙwabciya. Malam Bello ya cire tabarau ya goge, ya ce to shi yanzu bai san ranar da ake ƙarya da ranar da ake gaskiya ba. Na ɗauka a ranar Lawal zai dawo da wasa. Bai dawo ba. Ya ce ba rufewar ce ta dame shi ba, kogi ne.

Da damina ta yi tsakiya, wata safiya wayar direba ta yi ƙara. Dattijon nan ne mai duba ma'auni, yana cewa ruwa na hawa da sauri a wurinsu. Lawal ya kira mutumin rediyo ya tabbatar, ya tsara sanarwa, na sa hannu, mota ta fita kafin hantsi. Ba zan ce mun ceci gari ba, ba na ƙari a magana. Ruwa ya hau fadama kamar yadda yakan yi, ya ci abin da zai ci. Amma ya tarar an janye injuna, an kau da dabbobi, kuma babu wanda ya ce bai ji ba.

Washegari ina zaune ina duba takardu, sai na ga kai ya leƙo ta ƙofa, babu sallama.

"Bawana, ina labarin ƙayar nan? Na ji an ce kifayen Kwara sun yi taro sun naɗa ta sarauta."

Kafin azahar masinjoji sun ji, direbobi sun ji, mai shayin bakin ƙofa ya ji. Har kwaikwayon yadda hulata ta gangara yake yi. Ashe ajiya ya yi, ba yafewa ba. Na kore shi daga ofishina da murya mai ƙarfi kamar yadda matsayina ya bukata, kuma ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Daga wannan shekara bai sake kawo mana wasan kamfanin ba, ko da yake sun ci gaba da yi. Nasa na gado kuwa bai fasa ba har na yi ritaya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Manhaja za ta zo ta tafi, wanda ya ba ku kyauta yana da ikon karɓewa, kuma ba laifi ba ne ku gode masa a kan kwanakin da ta yi muku amfani. Amma mai shela ba shi da wani jari sai a yarda da shi. Na ga masu neman a yarda da su ta hanyar rantsuwa, na ga masu ɗaga murya, na ga masu kawo takardu. Mutum ɗaya na gani da ya nemi yarda ta hanyar ajiye abin da ya fi so a duniya, ya riƙe bakinsa wata da watanni saboda manoman da ba su san sunansa ba. Bawana ne, kuma Bakatsine ne, amma gaskiya ba ta da ƙabila: ban yi aiki da wanda ya fi shi ba. In kun haɗu da shi kada ku faɗa masa na ce haka. Zancen ƙaya ma ya ishe ni.